Gini Uku a Ƙasar Adar: Wanne Ya Biya Kuɗin Sabulu?

Yau hirarmu a kan gini take. Duk wanda ya daɗe bai zo Tawa ba, in ya shigo yanzu zai ga gari ya sake kama. Akwai kwalta inda dā rairayi ke kama ƙafar mota, akwai fitilu bakin hanya, ga benaye suna ta tashi. Baƙo ya gani, ya ce madalla. To, amma baƙo kwana biyu yake yi ya wuce. Mai gari shi ke kwana cikin ɗaki a watan Afrilu, shi ke tsallaka ruwa a watan Agusta. Don haka da idon mai gari za mu duba.

Ayyuka uku za mu aza bisa sikeli: masallacin Yama, ginin Hikima na Dandaji, da aikin gyaran gari da aka yi wa suna Tawa Sakola. Dukansu cikin jaharmu suke. Wanda ke da kuɗin mota yana iya zuwa ya gani, ya gaskata mu ko ya ƙaryata mu. Gani ya kori ji.

MUDUN AWO

Kafin a yi awo sai an shirya a kan mudu. Masana suna yawan zancen gini mai ɗorewa, watau ginin da ke biyan bukatar mutanen yau ba tare da ya cinye rabon jikoki ba. Mu rage maganar ta zama tambaya huɗu, waɗanda kowane maigida ke iya yi wa kowane gini.

Ta farko: ana iya zama cikinsa da bazara in wuta ta ɗauke?

Ta biyu: yana jure ruwan damina?

Ta uku: daga ina kayansa suka fito, kuma aljihun wa kuɗin suka shiga?

Ta huɗu: ranar da ya tsage, akwai mai gyara shi cikin gari?

Riƙe tambayoyin nan da kyau, da su za mu yi tafiya.

YADDA MUKA BAR LAKA

Ka san ƙasarmu. Ruwan da ke sauka a Tawa cikin shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma cikin wata uku yake zuba, wani lokaci da ƙarfi kamar da bakin ƙwarya. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Kakanninmu sun san haka, suka yi gini daidai da shi. Bango mai kauri na laka yana shan zafin rana sannu a hankali, ba ya barinsa ya kai ciki sai bayan awoyi da dama. Shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, lokacin da ɗakin kwano ya zama tanda. Da dare bangon yakan saki zafin da ya sha, amma lokacin mutane suna tsakar gida bisa tabarma. Gidan da zaman gidan tare aka tsara su.

Me ya sa muka juya wa wannan gini baya? Dalili uku ne, kuma babu na banza cikinsu. Na farko itace. Rufin soro yana cin azara da sanduna, ga shi fari na 1973 da na 1984 sun ƙarasa dajin da gatari ya rage. Na biyu hannu. Laka tana son yaɓe kafin kowace damina, kuma rani ne lokacin aikin. To, da rani ina samarin Barmu, da Kalfu, da Afala, da Tamaske suke? Suna biɗa a Abijan, ko Legas, ko Libiya. An bar tsofaffi da mata da yara, su kuwa ba su iya hawa rufi da kwaɓi a kai. Na uku suna. Wanda ya yi shekara biyar a waje yana so in ya dawo a ga alama. Alamar ita ce bulo na siminti da kwano mai walƙiya. A hankali laka ta zama shaidar rashi, har ana ba saurayi mata ana tambaya ko ɗakinsa na siminti ne.

Ba mu zargin kowa. Mutumin da soronsa ya taɓa zuba masa ruwa tsakar dare yana da hujjarsa. Sai dai a duba abin da aka samu a madadin. Bulo siriri ne, cikinsa rami, zafi yana ratsa shi nan da nan. Kwano yana ɗaukar rana yana zuba ta bisa kan yara. Mai irin wannan ɗaki ya zama bawan fanka. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har tsawon watanni, kowa ya ɗanɗana abin da ake nufi da gidan da ba ya zaunuwa sai da lantarki.

GINI NA FARKO: MASALLACIN YAMA

Yama ƙauye ne wajen Badagishiri, cikin ƙasar Illela. A shekara ta 1962 mutanen garin suka yi shawarar gina masallacin Juma'a. Suka ba Falke Barmu aikin, wani ɗan garin, manomi kuma magini. Gayya aka yi. Wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace, mai hatsi ya ba da hatsi. Ginin farko ba shi da wani ado: ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da jerin ginshiƙai masu ɗauke da rufi.

A 1975 rufin ya bukaci gyara. Falke bai tsaya ga toshe yoyo ba. Ya sake rufin bisa bakan gizo, watau sanduna da aka ɗaure aka lanƙwasa aka lulluɓe da laka, ya kuma ɗora tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine na ƙasashen Musulmi. Maginin ƙauye ya tsaya sahu ɗaya da masu manyan takardun jami'a.

Abin da ya fi burge mu a Yama shi ne ginin bai ƙare rana ɗaya ba. Shekara ashirin yana girma tare da garin. Da aka sami hali aka ƙara, da maginin ya ƙaru da sani ya gwada sabon abu. Dubi hasumiyoyin: ƙasansu da kauri, suna sirancewa suna hawa, kowace da irin adonta, kamar ƴaƴan mutum ɗaya masu hali dabam-dabam. Ciki kuwa inuwa ce da sanyi, haske yana shigowa kaɗan ta ƙananan tagogi, daidai abin da mai salla ke so.

In mun auna da mudunmu, Yama ta ci tambaya ta farko, ta uku da ta huɗu ba gardama. Ƙasar garin ce, hannun garin ne, kuɗi ba su fita ba. Tambaya ta biyu ce ke da sharaɗi. Masallacin yana jure damina muddin ana yi masa yaɓe. Ranar da gayya ta mutu, ginin ya kama hanyar mutuwa. Kuma mu faɗi gaskiya: abin da jama'a ke yi wa ɗakin Allah don lada, ba su yi wa ɗakin gwauruwa a bayan gari. Yama ta nuna iyakar abin da laka ke iya yi a hannun gwani. Ba ta warware matsalar mai gida ɗaya wanda ƴaƴansa ke Abijan ba.

GINI NA BIYU: HIKIMA TA DANDAJI

Dandaji ma cikin ƙasar Illela take. Tsohon masallacin Juma'ar garin aikin Falke Barmu ne. Ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan, har aka yi niyyar rushe shi a gina sabo. Sai wasu mata biyu masu ilimin zanen gini suka kawo wata shawara: Mariyama Isufu, ƴar Nijar, wadda aka fi sani da Mariam Kamara a lokacin, da Yasaman Esmaili, ƴar ƙasar Iran. Suka ce a bar tsohon, a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci kusa da shi. Aka gama aikin a 2018. Aka sa wa wurin suna Hikima, don tunawa da Baitul Hikima na Bagadaza, inda malaman dā suka tara littattafan ilimi iri-iri.

Sabon masallacin yana ɗaukar mutum wajen 1000. Da jar ƙasar wurin aka gina shi, amma ta wata hanya. Ana tankaɗe ƙasar, a sa mata siminti ɗan kaɗan, abin da bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, a ɗan jiƙa, a matse cikin injin. Tubalin yana fitowa da kaifin baki kamar bulo. Ba a gasa shi, balle a ƙone itace. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1950 aka ƙera injin matsa tubali na hannu a ƙasar Kolombiya. An sa kankare inda nauyi ya bukata kawai. An ɗaga rufi sama, an bar kafofin da iska mai zafi ke fita. An yi tanadin tara ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa don shayar da itatuwan harabar. Wajen gyaran tsohon ginin kuwa, an kira maginan da suka san shi tun farko, aka yi aikin tare da su.

Abu biyu muke yaba wa a nan. Na ɗaya, an ƙi rushewa. Rushe tsohon gini asara biyu ce: an zubar da aikin da aka riga aka biya, an kuma share tarihin gari. Na biyu, an wanke wa ƙasa fuska. Duk wanda ya tsaya gaban masallacin Dandaji ba zai sake cewa ginin ƙasa na matalauta ne ba. Layukansa a miƙe suke, ya yi kama da zamaninsa, bai kwaikwayi Yama ba, bai kwaikwayi Dubai ba. Kuma da yake ɗakin karatun na kowa ne, mata da ƴan makaranta sun sami dalilin shiga harabar da dā sai maza ranar Juma'a. Masu yaƙi da jahilci sun san darajar wannan.

Aikin ya sami lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa ta duniya a 2018, daga gidauniyar LafargeHolcim. Abin dariya, kamfanin da ya kafa gidauniyar yana cikin manyan masu yin siminti na duniya. Ko masu siminti sun san inda iska ta dosa.

To, ina aibin? Hikima ta ci tambaya ta farko da ta biyu. A ta uku da ta huɗu sai a yi hattara. Aiki ne mai zane, mai injiniya, mai injin, mai kuɗi. Dandaji gari ne mai manyan ƴaƴa, ba kowane ƙauye ke da irin wannan gata ba. In injin ya koma inda ya fito, magini na Takanamat ko na Bambai da me zai matsa tubali? Gini ɗaya mai kyau, ko an buga hotonsa a jaridun Turai, bai sauya ɗakin kowa ba tukuna. Ranar da za mu ce Hikima ta yi nasara cikakka ita ce ranar da mai sayar da albasa zai shiga kasuwar Tawa ya sayi matsattsen tubali ɗari biyar kamar yadda yake sayen bulo, ya kuma sami maginin da ya iya ɗora shi a unguwarsu.

GINI NA UKU: TAWA SAKOLA

Yanzu mu dawo birni. A shekarun baya an ɗauki al'adar zagayawa da bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, daga jaha zuwa jaha, kuma garin da zai karɓi baƙi akan zuba masa ayyuka. Tawa ta karɓa a 2007. A zagaye na biyu aka yi Doso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, sannan Tawa a 2017, cikar Jamhuriya shekara 59. Aka shimfiɗa kwalta, aka sa fitilu, aka gina dandalin fareti da gidajen saukar baƙi, aka gyara filin jirgin sama.

Kada mu yi butulci. Hanya mai kyau alheri ce. Mai amalanke, da ɗan kabu-kabu, da mace mai naƙuda da ake gaggawar kai wa likita, duk sun amfana. Fitila ta ba masu tuwo-tuwo da masu shayi kasuwar dare. Garin da ya haura mutum dubu ɗari tun ƙidayar 2012, ga jami'a tun 2010, ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Amma aiki ne na biki, kuma aikin biki yana da halinsa. Ana yin sa da gaggawa don ranar ba ta jira. Ana bin inda idon baƙo zai bi. Ka bar babbar hanya ka kutsa cikin tsofaffin unguwanni, irin su Bilbis da Fakuwa, waɗanda daga gare su garin ya tsiro, ka duba lungu. Tambayi mazauna wurin ina ruwa ke bi in an yi sama. Kwalta ba ta shan ruwa. Inda aka ɗaga hanya ta fi ƙofar gida tsawo, ba a kuma yi mata magudana isasshiya ba, ruwan da dā ke nutsewa cikin rairayi gidan talaka zai nufa, ya kwanta gindin katanga. Katangar laka kuwa daga ƙafa take mutuwa.

Sannan dubi kayan da aka yi manyan gine-ginen da su: siminti, ƙarfe, kwano, gilashi. Gaskiya ne siminti ba baƙo ba ne gare mu, tun shekarun 1960 ake yin sa a Malbaza. Amma ƙarfe da kwano da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki daga waje suke zuwa, kuɗinsu waje suke komawa. Shi kansa siminti sai an gasa dutse da wuta mai zafin digiri wajen 1450, kuma masana sun ƙiyasta kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga yin siminti yake fitowa. Mu ne kuwa a sahun gaba wajen shan wannan ɗumi.

Babban abin da muke kuka da shi shi ne damar da ta wuce. A shekarar da ake bikin Tawa, ana cikin ginin Dandaji, cikin jaha ɗaya. Da gidajen baƙin nan da matsattsen tubali aka yi su, da dutsen Adar a gindi, da an horar da magina masu yawa, da injunan sun zauna a gari, da attajirai sun gani sun kwaikwaya. Talaka ba ya jin wa'azin laka daga bakin wanda ofishinsa na gilashi ne. Abin da hukuma ta gina wa kanta, shi jama'a ke ɗauka gini na gaske. A mudunmu, Tawa Sakola ta gyara fuska, ta bar ciki. Kwalliya ta biya rabin kuɗin sabulu.

LAIFIN LAKA

Wani zai ce mun cika son laka. To, ga laifinta, ba mu ɓoyewa. A watan Agusta na 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun wajen shekarun 1830, ya rufta kan masu salla, aka rasa rayuka. A farkon Satumba na 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, mai shekara fiye da 150, ya zube bayan ruwa mai yawa. Daminar 2024 ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma gidajen laka ne suka fi faɗuwa. Wanda ya binne ɗansa a dalilin bango ba ya son jin daɗin baki.

Amma a tambaya: wace laka ce ta faɗi? Mafi yawa ita ce wadda aka ɗora bisa ƙasa ba harsashi, ko aka gina kan hanyar ruwa, ko indararonta ya toshe, ko ta shekara biyar ba yaɓe. Magina suna cewa ginin ƙasa takalmi yake so da hula: gindi mai ƙarfi da ruwa ba ya ci, da rufin da ke jefa ruwa nesa da bango. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti don taimakon waɗanda ambaliya ta shafa. Taimako ne na gaske. Sai dai buhu goma da ba su isa ɗaki ɗaya na bulo ba, suna isa a yi wa gida guda takalmi.

ABIN DA KE HANNUNMU

Allah ya hana Adar itace mai yawa, amma ya ba ta dutse. Daga Tawa zuwa Keita, zuwa Buza, duwatsu ne zube bisa tudu. Tun 1984 aikin Keita ya nuna abin da ake iya yi da su: mata da maza sun jera duwatsu a fako da cikin ƙoramu, sun tsayar da ruwa, sun dasa miliyoyin itatuwa. Hannun da ya iya jera dutse ya tare ƙorama ya iya jera shi gindin ɗaki. Dutse daga cikin ƙasa har zuwa gwiwa, laka ko matsattsen tubali daga nan zuwa sama: wannan shi ne ginin da ya dace da mu.

Maganar rufi fa, tun da itace ya yi wuya? Dubi rumbunan laka na ƙauyukanmu, manya, masu ƙoƙon kai. Wace azara ke riƙe da su? Babu. Mutanen Adar sun daɗe da sanin yadda laka ke ɗaukar kanta in an lanƙwasa ta. A 1980, a Cikal ta ƙasar Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina gini ba da itace ba, rufin tulluwa da na baka da tubali zalla, dabarar da ta samo asali daga ƙasar Nuba ta bakin kogin Nilu. Sharaɗinta ɗaya: sai ƙwararre, don kuskure kaɗan yana kawo rushewa. Wanda kuma ya fi son kwano, ya dubi abin da Francis Kéré ya yi a makarantar Gando ta Burkina Faso a 2001. Ya yi rufin tubali a ƙasa, ya ɗaga kwano sama da shi, iska tana wucewa tsakani. Kwanon ya zama laima, ya daina zama murhu. Mutumin nan ya sami kyautar Pritzker a 2022, wadda ta fi kowace girma a fagen zanen gini.

Gyaran unguwa kuma daga ruwa ake fara shi. Kafin fenti, kafin fitila, a bi lungu-lungu tare da mai unguwa da tsofaffi, su nuna inda ruwa ke bi tun zamanin kakanni. A buɗe masa hanya zuwa tabki, a hana yanka filaye a kanta. A shimfiɗa wa ƙananan hanyoyi pabe ko dutse, a ƙasa da ƙofofin gidaje, don hanyar da kanta ta zama magudana. Irin wannan aiki hannu yake ci, ba manyan injuna ba, kuma in wuri ya lalace ana cire dutse goma a mayar. Kuɗinsa aljihun samarin unguwa za su shiga, wataƙila wani ya fasa tafiya biɗa bana. Ramukan da aka ɗebi ƙasa a san yadda za a yi da su, kada su zama gidan sauro da juji. A dasa itace ƙofar kowane gida. Mutanen kwarin Majiya sun fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska, yau kowa ya ga amfaninsu. Inuwar bedi ɗaya a yammacin ɗaki ta fi fanka biyu, kuma ba a kawo mata takardar kuɗin wuta.

Kada kuma a ce gyara shi ne a rushe tsohuwar unguwa a miƙe layi. Lungu mai ƙunci yana ba da inuwa. Zaure yana tare baƙo, yana kare mutuncin gida. Dakalin ƙofar gida shi ne majalisar tsofaffi. Wanda aka tayar daga tsakiyar gari aka kai shi bayan gari ya rasa maƙwabta, ya rasa kasuwa, ko da an ba shi fili mai faɗi.

HUKUNCINMU

Yama ta koya mana cewa gwaninta tana gida. Dandaji ta koya mana cewa ana iya ɗaura auren gwanintar nan da ilimin zamani, a haifi ɗa mai kyau. Tawa Sakola ta nuna cewa in hukuma ta so, kuɗi suna fitowa, aiki yana tashi cikin shekara guda. Abin da ya rage shi ne ukun nan su haɗu wuri ɗaya, cikin lungunan Tawa da ƙauyukan arewacin Adar. Ma'aikatar magajin gari ta gina aji, da ɗakin likita, da rumfunan kasuwa da ƙasa da dutse. Makarantun koyon sana'a su ɗauki tsofaffin magina su koyar, tun suna da rai, don abin da ke kansu ba a rubuce yake ba.

Kai kuma, mai karatu, in ɗanka ya aiko da kuɗin gini daga Abijan, kada ka yi gaggawar zuwa wurin mai bulo. Zauna da magini, ka yi masa tambayoyin nan huɗu. Ka fita bayan an ɗauke ruwa ka ga inda yake kwanciya a filinka. Karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, ku yi gardama a kanta a dakali, in kun ga mun karkace ku rubuto mana. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare mana gidajenmu. Amin.